Wurin Rumfa Da Damina A Ke Zaɓensa

Kowace shekara idan kaka ta yi, a kan ga manoma suna ta kai da kawowa, suna neman inda za su zuba abin da Allah ya ba su. Dawa tana tsakar gida, gyaɗa tana zaure, harawa an ɗora ta bisa katanga, garmar shanu kuwa tana jingine a gindin bishiya tun ranar da aka gama huɗa. Sai a sa'an nan mai gida zai tuna yana bukatar rumfa. Ya saro itace ɗanye, ya kafa dirka huɗu inda ya ga fili, ya yafa zana, ya ce ya gama. Hadarin farko na bazara shi zai nuna masa abin da ya yi. Ko dai iska ta yaye zanar ta kai gidan maƙwabci, ko kuwa ya tarar ashe a hanyar ruwa ya kafa, buhunan ƙasa duk sun jiƙe.

Wannan hasara ce da a ke yi kowace shekara, ba kuwa don rashin kuɗi ba. Mutum ya yi wata biyar yana fama da rana da ciyawa, ya biya taki, ya biya 'yan ƙodago, sa'an nan ya bar wa gara da ɓera da laima wani kashi na wahalarsa, don kawai bai zauna ya yi shawara da zuciyarsa ba kafin ya ɗauki gatari. Shawarar kuwa tana da lokaci. Wurin da za a kafa rumfa ko rumbu, cikin watan Agusta a ke dubansa, sa'ad da ruwa ya fi yawa. Ciyawar jinka da kaka a ke yankanta. Gini da rani a ke yinsa. Wanda ya bi wannan tsari, kaka mai zuwa za ta tarar da shi a shirye.

Tambayar farko ita ce, me za a ajiye? Mutane da yawa su kan so rumfa guda ta ɗauki kome, watau hatsi a wannan gefe, tumaki a wancan, taki da maganin feshi a lungu, jarkar man inji a bakin ƙofa. Abubuwan nan kuwa ba sa zama tare. Hatsi yana son wuri busasshe a rufe. Dabba tana son wuri a buɗe mai iska, kuma kullum tana jiƙa ƙasa da fitsari. Takin zamani, balle yuriya, yana jan laima, ya dunƙule, ya kuma ci ƙarfen duk abin da aka jingina kusa da shi. Maganin feshi guba ne, man inji wuta ne. Manomin da ba shi da halin yin gini uku, sai ya fara da wanda hasararsa ta fi yawa, ga yawancin mutane kuwa hatsi ne, sauran su biyo baya shekara shekara. In kuwa lalle sai dai rumfa guda, to a raba ta da bango har sama, kowane sashe da ƙofarsa.

Akwai wata shawara da masu gida su kan manta, ita ce ta uwargida. A yawancin gidajen ƙauye awaki da tumaki da kaji na mata ne, su ke ba su dusa da ruwa, su ke share turke. Saboda haka rumfar ƙananan dabbobi a cikin gida ya kamata ta kasance, inda mace za ta kai gare ta ba sai ta fita ba. Shanun noma kuwa da garma da amalanke da injin ban ruwa, waɗanda barori da 'yan ƙodago ke ɗauka da asuba, wurinsu ƙofar gida ne, tsakanin zaure da shigifa, don kada ya zama kullum sai an yi sallama an ratsa mata kafin a ɗauki sungumi. Gidan da ya ke na gandu, ko na gado da ba a raba ba, sai a shawarci 'yan'uwa tun kafin a haƙa rami. Rumfar da aka yi da bulo ba ta tashi da sauƙi ranar rabo.

DUBAN WURI

Idan aka yi ruwa mai ƙarfi cikin Agusta, da zarar ya ɗauke sai mai gida ya zaga gidansa da turaku a hannu. Zai ga inda ruwa ke bi ya fita, da inda ya ke kwanciya, da inda ya fara tsanewa. Wurin da ya fara tsanewa shi ne wurin rumbu. Ya kafa turaku a nan ya bar su. Da rani duk gida ɗaya ya ke a ido, ba mai iya gane tudu da kwari, shi ya sa wanda ya zaɓi wuri a watan Janairu ya kan yi nadama a watan Yuli. Mutanen bakin fadama da na bakin kogi su ƙara da tambayar tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa. A ambaliyar 2022 garuruwa da yawa na ƙasar Haɗejiya sun ga ruwa cikin gidaje, rumbun da ke ƙasa ƙasa kuwa shi ke fara tafiya.

Bayan ruwan ƙasa sai iska. A ƙasar Hausa hadari mai ƙarfi daga gabas ya ke tasowa, kowa ya duba tsofaffin katangu zai ga fuskar gabas ita ce ruwa ya fi zaizaya. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Don haka rumfa ta ba gabas baya, bangon wannan gefe ya zama a rufe ƙirif, kuma gajeren gefen ne zai fuskanci can, tsawonta ya miƙa daga gabas zuwa yamma. Bakinta ya dubi kudu. Dalilin ya wuce na hadari kaɗai. Da sanyi, wajen Disamba da Janairu, rana ta kan karkata kudu, sai haskenta ya shiga ƙarƙashin rumfar ya busar da ƙasa ya ɗumama dabbobi, daidai lokacin da su ke bukata. Da bazara kuwa, wajen ƙarshen Afrilu, rana bisa kai ta ke tsaye, rufi ya tare ta duka. Rumfar da ta dubi yamma ranar la'asar ta kan cika ta da zafi, wadda ta dubi gabas kuwa hadari ne baƙonta.

Iskar nan ta hunturu ita ce kuma mai ɗaukar tartsatsi. Tun da daga arewa maso gabas ta ke busowa, abin da ke kudu maso yamma da madafi shi ke cikin haɗari. Kada a kafa rumbun zana ko a tara harawa a wannan gefe, kuma ko ta wane gefe ne a bar tazara mai kyau tsakanin jinka da murhu. Gobarar ƙauye yawancinta da hunturu ta ke tashi, lokacin da rumbuna ke cike.

Rijiya ma a tuna da ita. Turken dabbobi ya yi nisa da rijiya, ƙafa 50 ko fiye, in gida yana da faɗi har 100, kuma ya kasance a gangare, ta yadda ruwan turke ba zai gangaro wajenta ba. Bishiya kuwa, inuwarta tana da amfani ga rumfar dabbobi, amma reshen da ya ratso bisa rumbu gada ce ga ɓera, sai a sare shi. Haka katanga. Rumbun da aka manna da katanga ba a iya zagaya shi a duba, abin da ba a gani kuwa shi gara ke so. In akwai suri kusa, a haƙe shi tun da wuri har a fitar da uwar.

Sai maganar maƙwabci. Ruwan rufin mutum a gidansa ya kamata ya zuba, ko a magudanar da kowa ya sani. Shari'ar indararo ta sha kai mutane gaban mai unguwa, ta kuma sha raba zumunci a kan abin da juya rufi kawai zai gyara. Mazauna birni su tambayi hukumar tsara gari kafin su yi gini mai ɗorewa a jikin hanya.

GIRMA DA KAYAN GINI

Girman rumfa da lissafi a ke fitar da shi. A ɗauki misalin mutumin da ya ke samun buhu 40 na tsaba. Buhu mai kilo 100 idan aka kwantar da shi ya kan ci wajen ƙafa 3 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi. Idan aka jera buhu 8 a ƙasa, aka ɗora har hawa 5, shi ke nan 40 sun cika, sun kuwa ci ƙafa 6 da ƙafa 8. Amma buhu ba ya taɓa bango, sai an bar ƙafa 2 ta kowane gefe don iska ta zaga, mutum kuma ya iya bi da tsintsiya da fitila. Ɗakin ya zama ƙafa 10 da 12 ke nan. Wanda ya ke sa ran ƙara gona ya ƙara tun yanzu, gama ƙara ƙafa 2 ranar aza tushe ya fi sauƙi da rushe bango bayan shekara uku. Akuya ko tunkiya a ba ta wajen ƙafa 4 da 4, mai ciki da mai shayarwa fiye da haka. Ƙofa kuma a auna ta da abin da zai shiga. An sha ganin wanda ya gama gini sa'an nan ya tarar amalankensa ba ya shiga.

Wajen itace kuwa, a nan ne araha ba ta ado. Dirkar da aka saro ɗanya daga itace mai taushi, damina ɗaya ko biyu gara ta gama da ita. Iyaye da kakanni sun san itatuwan da gara ke jin tsoro. Azarar giginya, balle ta namiji wanda ya tsufa, ta kan yi shekaru masu yawa, sai dai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce wajen ƙafa 6 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina ke yin dabarar jera ta hawa hawa. Ƙirya ita ma tana da taurin gaske, haka marke. Amma ƙirya ta yi wuyar samu a wurare da yawa saboda masu gawayi da masassaƙa turmi, giginya kuwa tana daɗewa ƙwarai kafin ta girma, wanda ya sare ta ba shi zai ga girman wadda ya dasa ba. Abin da ya fi samuwa yanzu shi ne darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, da kuma turare. Darbejiyar da ta ƙosa tana da dama wajen jure gara, tana kuma tohowa bayan an sare ta. Ko wane itace ne, a ɓare ɓawonsa, a bar shi ya bushe a inuwa, a babbake gindin da zai shiga ƙasa. Wanda ya fi duka shi ne kada itacen ya taɓa ƙasa ko kaɗan, watau a ɗora shi bisa dutse ko bisa ɗan ginin siminti. Gara ba ta iya zama a fili, sai ta gina hanyarta ta ƙasa ta hau, wannan hanya kuwa bisa dutse a bayyane ta ke, yaro ma zai gan ta ya karce.

Rufi, jinka ko kwano? Kowa yanzu kwano ya ke so, yana da gaskiya ta wani gefe, gama ba ya kama wuta, ba ya bukatar sabuntawa duk bayan 'yan shekaru, ɓera kuma ba ya sheƙa a cikinsa. Amma kwano yana da laifi biyu da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Da rana ya kan mai da ɗaki tanda, zafin nan yana wahal da dabba, yana kuma kashe ƙarfin irin da aka ajiye don shuka. Da dare kuma in ya huce ya kan tara raɓa ta ciki, ta riƙa ɗiga bisa buhu, mai shi ya yi ta neman inda rufi ke yoyo bai samu ba. Maganin duka biyu shi ne a ɗaga rufin sosai, a bar kafar iska tsakanin bango da rufi a toshe ta da raga, a kuma shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon. Jinka ta fi sanyi nesa, ga rumfar dabbobi da ta harawa har yau babu kamarta in an kiyaye wuta. Sharaɗinta ta yi tsini. In faɗin rumfa ƙafa 10 ne, tsakiyar tsaiko ta ɗara bakin bango da ƙafa 5, in ba haka ba ruwa zai kwanta a ciyawar ya ruɓar da ita. Kwano ba ya bukatar tsini haka, amma yana bukatar ɗauri. Iskar farkon damina ba ƙusa ta ke cirewa ɗaya ɗaya ba, rufin gaba ɗaya ta ke ɗagawa tare da katakonsa. A ɗaure katakon da langalanga ko waya mai kauri wadda aka binne cikin bango tun ana gini, ƙusa kuma a kan tudun kwano a ke buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Ko jinka ko kwano, bakin rufi ya zarce bango da ƙafa 2. Bangon ƙasa da ya sami wannan kariya, aka kuma yaɓe shi da makuba, ya kan daɗe ƙwarai, ya kuma fi bulo sanyi. Ga wani amfani na kwano da ba a cika lura da shi ba. Ɗakin nan mai ƙafa 10 da 12, in aka haɗa da zarcen rufi ya zama ƙafa 14 da 16, watau kusan murabba'in mita 21. A shekarar da aka sami ruwa milimita 800, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Kano, ruwan da zai sauka bisa wannan rufi ya fi lita 16,000, watau fiye da duro 80. In ba a shirya masa ba, gindin bango zai ci. In aka sa mazurari da duro, ya zama ruwan dabbobi da na wanki.

ƘASAN RUMFA YA FI RUFINTA

Mutane su kan kashe kuɗinsu a sama su manta da ƙasa, alhali yawancin ɓarna daga ƙasa ta ke hawowa. Masu rumbun gargajiya sun gane wannan tun da daɗewa. Ko rumbun zana ne ko rufewa ta yumɓu, bisa duwatsu a ke aza ta, a gitta itatuwa, a bar sarari a ƙarƙashi inda iska ke wucewa, kaji kuma su riƙa shiga suna tsince gara. Manyan rumbunan yumɓu na ƙasar Adar da Ƙonni a Nijar, waɗanda sai da tsani a ke hawa bakinsu, duk a kan wannan dabara su ke. Gero da dawa in an zuba su da zangarniya a busasshe cikin irin wannan rumbu su kan yi shekaru, shi ya sa dā a ke auna arzikin mai gida da tsohon hatsin da ke rumbunsa, waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 kuwa sun san ranar da tsohon hatsi ke yi. Manomin da ya rushe rufewar ubansa, ya gina ɗakin bulo, ya zube buhuna a kan daɓen siminti, ci baya ya yi ba tare da ya sani ba, gama siminti yana tsatso laima daga ƙasa ya ba buhu. In za a yi ɗaki, a cika ƙasansa ya ɗara tsakar gida da ƙafa guda, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba siminti, sa'an nan a jera katako ko itatuwa a ɗora buhuna a kai.

Abin da laima ke jawowa ya wuce ruɓa da ido ke gani. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗa daga Barazil. Da masana suka bincika sai suka gano wata guba da fumfuna ke haifarwa, aka sa mata suna aflatoksin. Gyaɗa da masara su ta fi kamawa. Dahuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, in aka daɗe ana ci tana jawo ciwon daji na hanta, tana kuma shiga nonon saniyar da ta ci. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya saboda masarar da ta kamu da ita. Don haka gyaɗar da ta yi fumfuna, ko a ce a ba dabbobi, ko a ce mata su yi mai da ƙuli-ƙuli da ita, duk ba daidai ba ne. Maganinta shi ne shanya sosai bisa tabarma ko tamfol, da ajiya a busasshen wuri. Hatsi ya sauko zuwa kashi 13 cikin 100 na laima, gyaɗar da aka ɓare wajen kashi 7. Wanda ba shi da na'urar awo yana da dabara. Ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba tsaba zuwa sulusinta, ya ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau, ya toshe ya girgiza, ya bari kwata na sa'a ya sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Ɓera shi ma ta ƙasa ya ke zuwa, kuma cin hatsi shi ne ƙaramin laifinsa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da ya ke bari cikin abinci. Ƙaramin ɓera yana bi ta kafar da ba ta fi kwata na inci ba, saboda haka ƙofa ta zauna daidai, a buga mata faranti na ƙarfe a gindi don kada ya ƙwaƙule. Rumbu ko ragar masara mai ƙafafu, a sa wa kowace ƙafa hular kwano mai kama da mazurari a kife, ƙafa 3 daga ƙasa, gama in ta yi ƙasa da haka tsalle zai yi ya wuce ta. Kada kuma a jingina tsani ko kara ko fartanya a jikin rumbu, kada a tara shara kusa da shi.

Ƙwaron wake kuwa daga gona ya ke biyo wake, bango da rufi ba sa hana shi. A nan ne mutane suka fi cutar da kansu da magani. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, abin da Turawa suka ƙi kuwa shi 'ya'yan manomi ke ci a ɗanwake da ƙosai. Ƙwayar nan ta Phostoxin iskar guba ta ke fitarwa, tana ratsa bango mai tsaga, ta kashe mutum yana barci. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ma'ajiyar hatsi ta rabu da ɗakin kwana. Akwai kuwa hanyar da ba ta bukatar magani, watau buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri cikin buhu, kowace a matse iska a ɗaure ta dabam. Ƙwaron ya shanye ɗan iskan da ya rage ya mutu. Duro mai murfi da ke rufuwa sosai, ko jarkar da ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba, in an cika su har baki haka su ke yi. Sai dai ledar nan huda guda ta ɓera ko ta ƙusa ta isa ta ɓata ta, don haka ita ma tana bukatar ɗaki mai tsabta, da katako a ƙarƙashi, da inuwa.

Harawa ba ta bukatar bango, inuwa da tsayi kawai ta ke so. Wadda aka ɗora bisa soro ko cikin reshen bishiya ta tsira daga awaki, amma rana ta kan ƙone ta ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe, amfanin kuwa a ganyen ya ke. Wadda aka ajiye a ƙarƙashin rumfa bisa gado na itace ta kan kai bazara da korenta, lokacin da ciyawa ta ƙare, kuɗin harawa ya hau. Dabarar da wasu ke yi tana da kyau, watau su ɗaga rumfar tumaki su yi mata bene na itace, harawa a sama a ƙarƙashin jinka, dabbobi a ƙasa. Ƙasan turke kuma a ɗan karkata shi wajen baya don fitsari ya gangara cikin ramin taki, a riƙa zuba kaikayi ko ragowar kara. Takin da aka tara a inuwa ya fi wanda rana da ruwa suka wanke ƙarfi.

Kayan aiki su ne masu sauƙi. A kafa ƙusoshi a bango a rataye fartanya da lauje da magirbi, a wanke garmar shanu a shafa mata baƙin mai bayan huɗar ƙarshe, a tsiyaye man injin ban ruwa in zai daɗe a ajiye. Maganin feshi da famfonsa a sa su cikin akwati mai kwaɗo, sama da inda hannun yaro zai kai, cikin kwalbarsu ta asali, kada a juye su cikin kwalbar lemo.

Kafin sabon hatsi ya shiga, a kwashe tsohon, a share rumbu ko ɗaki har lungu, a ƙone sharar, a liƙe tsagar bango, tsofaffin buhuna a juya su a shanya ko a tsoma su cikin tafasasshen ruwa. Ba a zuba sabo bisa tsoho. Wanda ke da shakka a kan irin ƙasar gidansa ko girman ginin da zai yi, ya nemi malamin gona na yankinsa, ya kuma je da adadin damin da ya ke samu da yawan dabbobinsa, gama da su za a yi lissafin.